Littafi ɗaya muka karanta a kan Singafo

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare in ya natsu.

Duk wanda ya yi shekara biyar yana aikin gwamnati a ƙasar nan ya san abin da zan faɗa. Ana zaune a taron bita, an sha shayi, babban baƙo ya tashi jawabi, kafin ya yi minti goma sai ka ji ya ce a dubi Singafo. Ƙasar da ba ta da man fetur, ba ta da gonaki, wani ɓangare na ruwan shanta ma daga maƙwabciyarta Malesiya take sayowa, amma ga inda ta kai. Daga nan sai a ambaci Lee Kuan Yew da littafinsa From Third World to First, wanda ya fito a shekarar 2000, a ce kowa ya nema ya karanta. Ni kaina na yi wa ƙananan ma'aikata wannan wa'azin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Littafin yana nan a ɗakina, duk na ja masa layi da jan biro. Wurin da ya ba da labarin zuwansa Legas taron ƙasashe rainon Ingila a watan Janairun 1966, kwanaki kaɗan kafin a kashe Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, na karanta shi ya fi sau uku, kuma duk lokacin sai raina ya sosu.

To kwanakin baya Allah Ya yi aka sa sunana cikin waɗanda za su je kwas na mako biyu a can. Gani ya kori ji. Tsaftar gaskiya ce, jirgin ƙasan yana zuwa a kan lokaci, ruwan famfo kana iya sha kai tsaye, ma'aikacin gwamnati yana amsa maka tambaya ba tare da ya sha ƙamshi ba. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita ɗari bakwai da 'yan kai, da mutum wajen miliyan 6, kuma komai yana tafiya. Wanda ya zaci zan ce duk ƙarya ce, ya yi haƙuri, ba abin da na zo faɗa ke nan ba.

Abin da ya sa ni wannan rubutu ya faru ne ranar Juma'a. Mun je Masallacin Sultan da ke unguwar Kampong Gelam, tsohuwar unguwar sarautar Malayu. Wani dattijo ya nuna mana wani baƙin zobe da ya kewaye gindin ƙubbar masallacin, ya ce gindin kwalabe ne. Lokacin da ake sake gina masallacin, talakawan da ba su da kuɗin bayarwa su suka tattaro kwalabe suka kawo, aka jera su a wurin domin kowa ya samu hannu a ginin. Bayan an sallame na bi titin Bussorah ina 'yan kalle-kalle, na faɗa wani kantin littattafai. Daga baya kuma na je babban ɗakin karatu na ƙasa da ke titin Victoria, ba nisa da wurin. A wuraren nan biyu na ga littattafai jere a kan Singafo, waɗanda mutanen Singafo suka rubuta, aka buga a Singafo, da yawa a 'yan shekarun nan. Ko ɗaya ban taɓa jin sunansa a taron bita ba. Kunya ta kama ni. Shekara kusan ashirin ina ba da misali da ƙasar da littafi ɗaya tak na karanta a kanta, shi ma wanda ya mulke ta shekara 31 ne ya rubuta.

Alawus ɗin tafiyar da na yi niyyar sayo wa uwargida turare da shi, rabinsa a littattafai ya ƙare. Har yanzu ana yi mini gori a gida. Amma bari in gaya muku abin da na tarar a ciki.

Na farko shi ne maganar ƙauyen masunta. Mu nan haka muke faɗa, wai Lee Kuan Yew ya tarar da ƙauyen masunta ya mayar da shi birni. Su kuma can, an daɗe ana koyar da yara cewa tarihin garin ya fara ne a 1819, lokacin da Baturen Ingila Stamford Raffles ya sauka a tsibirin. Wani masanin tonon kayan tarihi mai suna John Miksic, wanda ya shafe shekaru yana koyarwa a jami'ar ƙasar, ya fara haƙa a tudun Fort Canning a 1984. Shi da ɗalibansa da 'yan sa-kai sun tono dubban tsingaro, da fasassun tangaram na ƙasar Sin, da duwatsun ado, da tsabar kuɗi, waɗanda suka nuna cewa tun ƙarni na 14 akwai gari mai tashar jiragen ruwa a wurin, ana kiransa Temasek. Ya tattara wannan a littafinsa Singapore and the Silk Road of the Sea a 2013. A 2019 kuma, shekarar da aka yi bikin cika shekara 200 da zuwan Raffles, wasu masana tarihi huɗu, Kwa Chong Guan da Derek Heng da Peter Borschberg da Tan Tai Yong, suka fitar da Seven Hundred Years, wato tarihin shekara ɗari bakwai, kuma hukumar ɗakunan karatu ta ƙasar tana cikin waɗanda suka buga shi. Abin da ka koya daga ciki shi ne garin ya taɓa ɗaukaka ya faɗi, ya sake tashi, gwargwadon yadda hanyar fatauci ta teku ta juya.

Ko a 1965 da Singafo ta rabu da Malesiya, ta riga ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na yankin Asiya, tana da bankuna da jami'a da ƙwararrun ma'aikata. Akwai talauci, akwai unguwannin bukkoki, akwai rashin aikin yi, babu mai musun wannan. Amma wanda ya gina a kan wannan harsashi daban yake da wanda ya fara daga fili. In muka ci gaba da cewa ƙauyen masunta ne, sai mu ɗauka abin da ake buƙata kawai shi ne mutum ɗaya mai ƙarfin hali ya zo ya yi tsawa komai ya gyaru. Wannan tunanin ya daɗe yana cutar da mu.

Na biyu, littafin wata baiwar Allah mai suna Hidayah Amin, Leluhur, wanda ya fito a 2019. Kalmar a harshen Malayu tana nufin kakanni. Tarihin unguwar Kampong Gelam ne, titi bayan titi, sana'a bayan sana'a. Marubuciyar a unguwar ta tashi, a wani tsohon gida da ake kira Gedung Kuning, wato rawayan gida, wanda gwamnati ta karɓe daga hannun danginta a 1999 domin a haɗa shi da cibiyar adana al'adun Malayu. Ta bi tsofaffin mazauna unguwar ta yi hira da su, ta tono tsofaffin takardu da hotuna. A nan na san cewa a zamanin jirgin ruwa, maniyyata daga tsibiran Indonesiya da sauran yankin a wannan unguwa suke yada zango kafin su kama hanyar Jidda, akwai gidajen saukar alhazai da dillalan tafiya a titin nan na Bussorah da na bi. Na kuma san cewa unguwar ta kasance cibiyar buga littattafan Malayu da na addini. Yanzu in ka je wurin, gidajen abinci ne da kantunan tsaraba, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Ba don wannan littafin ba, baƙo irina zai wuce bai san a kan me yake tafiya ba.

Malayu su ne kusan kashi 13 cikin ɗari na mazauna ƙasar, 'yan asalin Sin kusan kashi uku cikin huɗu, sai 'yan asalin Indiya wajen kashi 9. Ka ga ke nan in ba su rubuta nasu ba, labarinsu zai tsaya a shafi biyu na littafin makaranta. Wani ɗan unguwar, Khir Johari, shi kuma ya shafe sama da shekara goma yana bincike a kan abincin Malayun Singafo, ya fitar da The Food of Singapore Malays a 2021, shafi sama da 600. Wannan kam ban saya ba, don nauyinsa kamar bulo, ga tsada, a ɗakin karatu na zauna na yi ta buɗawa har aka kusa tashi. Da farko na ɗauka littafin koyon girki ne. Ashe ta hanyar tukunya ya bi ya nuna yadda Jabawa da Bugis da Minangkabau da Larabawa da Indiyawa suka haɗu a garin, da irin ganyayen da ake tsinkowa a da, da abin da ake samu a teku, da kayan girki, da abincin biki. Jami'ar ƙasar tana da wata kyauta ta littafin tarihi da ake bayarwa duk shekara uku, har zuwa 2024 dalar Singafo 50,000 ce, wadda wani da bai so a bayyana sunansa ba ya ba da kuɗin kafa ta. Miksic ne ya fara ci a 2018, Hidayah Amin ta ci a 2021, Khir Johari ya ci a 2024. Ku lura, biyun ƙarshen nan ba farfesoshin tarihi ba ne, 'yan unguwa ne da suka ga abin da suka sani yana shirin ɓacewa.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci. Sunansa This Is What Inequality Looks Like, ma'ana ga yadda rashin daidaito yake a zahiri. Teo You Yenn ce ta rubuta, malamar ilimin zamantakewa a jami'ar Nanyang, kamfanin Ethos ya buga a 2018. Kusan mutum takwas cikin goma a Singafo suna zaune ne a gidajen bene da hukumar gidaje ta gwamnati ta gina, kuma mafi yawansu sun mallaki gidan. Wannan shi ne abin da ake nuna wa baƙi, mu ma an kai mu mun gani. Amma akwai wasu benaye na haya, masu ɗaki ɗaya ko biyu, da aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi. Ita wannan malama shekara uku ta yi tana shiga waɗannan gidaje tana zama da mutanen. Ta rubuta abin da ta gani: iyali guda a ɗaki ɗaya, yaro ba shi da inda zai yi aikin makaranta, kuɗin cizo a katifa, sanarwa a bango tana gargaɗi kan masu ba da bashi da ruwa, uwa tana aikin shara ko wanke-wanke na sa'o'i masu tsawo ba ta san wa za ta bar wa yara ba.

Abin da ta fi tsayawa a kai shi ne mutunci. Ƙasar tana alfahari da cewa kowa yana samu ne gwargwadon ƙwazonsa. Ita kuma ta nuna cewa ɗan mai hali tun yana ƙarami ake biya masa kuɗin lesin, ɗan talaka kuwa yana shiga aji ɗaya a baya, sannan a shekara 12 a yi musu jarrabawa guda a ce wannan mai ƙoƙari ne wancan ba shi da ƙoƙari. Iyayen ma sai su yarda laifinsu ne. Ta kuma bayyana yadda neman tallafin gwamnati yake. Tallafin yana nan, amma sai ka kawo takardar albashi da bayanin asusun banki, ka amsa tambayoyi a kan rayuwarka, bayan 'yan watanni kuma a sake bincikarka. Wasu sai su gwammace su haƙura da yunwarsu. Littafin ya yi kasuwa fiye da yadda aka saba gani ga irinsa, aka yi ta muhawara a kansa a jaridu, wasu jami'ai da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka mayar mata da martani, wasu suka goya mata baya.

Ina cikin jirgi a hanyar dawowa ina karanta wannan babi sai wata tsohuwa ta faɗo mini a rai. Shekarun baya ta yi ta zuwa ofishinmu neman haƙƙin mijinta da ya rasu yana aiki. Yau a ce babu takardar kotu, gobe a ce hoton bai yi ba, jibi a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Zuwanta na biyar ko na shida ta tsaya a bakin teburina ta ce, "Yallaɓai, kuɗin motar nan da nake zuwa da shi fa rance ne." Na ce, "Ki yi haƙuri Inna, ƙa'ida ce, ki dawo ranar Litinin." Wallahi a lokacin ina ganin aikina nake yi da kyau, ina kare dukiyar gwamnati. Ban taɓa tambayar kaina me ya hana mu rubuta mata duk abin da ake buƙata a takarda ɗaya tun ranar farko ba. Littafin Lee Kuan Yew ya koya mini yadda ake kallon jama'a daga kan kujerar ofis. Sai da wata malama a Singafo ta zauna a ɗakin talaka ta rubuta abin da ta ji, sannan na ga teburina daga inda tsohuwar nan take tsaye.

Na huɗu littafin zane ne, irin wanda za ka ɗauka na yara ne. The Art of Charlie Chan Hock Chye, na Sonny Liew, kamfanin Epigram ya buga a 2015. Ya ƙirƙiri wani tsohon mai zane, ya ba da tarihin ƙasar ta cikin zane-zanensa. A ciki na fara sanin Lim Chin Siong da kyau. Shugaban 'yan ƙwadago ne mai farin jini, tare da shi aka kafa jam'iyyar PAP a 1954, daga baya suka raba gari da Lee Kuan Yew ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar adawa ta Barisan Sosialis a 1961. A watan Fabrairun 1963 aka yi wani samame da ake kira Coldstore, aka kama mutum sama da ɗari aka tsare ba tare da shari'a ba, har da shi. Sai 1969 aka sake shi. Wani ɗan jarida, Said Zahari, shekara 17 ya yi a tsare. Gwamnati ta ce barazanar 'yan kwaminis ce ta sa aka yi hakan, wasu masana tarihi kuma da suka duba takardun Turawan mulkin mallaka suna ganin siyasa ta taka rawa sosai. Har yau ba a gama wannan gardama ba. Mai zanen wani wuri ya fito da su a siffar dabbobi kamar a tatsuniya, wani wuri ya mayar da ƙasar kamfani mai manaja mai zafin hali, wani wuri kuma ya kwatanta yadda za ta kasance da Lim ne ya yi mulki.

Ana dab da ƙaddamar da littafin, hukumar fasaha ta ƙasar ta janye tallafin dalar Singafo 8,000 da ta ba shi, ta ce abin da ke ciki zai iya taɓa martabar gwamnati. Sai bugun farko ya ƙare cikin 'yan kwanaki. A 2016 ya ci babbar kyautar adabi ta Singafo, a 2017 ya ci kyautar Eisner guda uku a Amurka. Wani marubucin, Jeremy Tiang, shi ma an janye masa ragowar tallafi a kan ƙagaggen labarinsa State of Emergency da ya taɓo irin waɗannan al'amura, shi ma ya ci kyautar adabin a 2018. Don haka kada wani ya fahimce ni cewa Singafo aljannar marubuta ce. Dokar tsare mutum ba shari'a tana nan har gobe, kuma marubuci ya san akwai layin da in ya tsallaka zai ji a jikinsa. Abin da na gani da idona dai shi ne littattafan nan suna kan kanta ana sayarwa a fili, mutane suna saye, kuma ƙasar ba ta rushe ba.

Akwai ƙarami guda da ba zan tsallake ba. Md Sharif Uddin ɗan Bangaladesh ne da ya je aikin gini a Singafo. Ya riƙa rubuta abin da yake gani a kullum, aka fassara aka buga a 2017 da sunan Stranger to Myself, har ya ci kyauta a shekarar da ta biyo. Bashin da suke ci su biya dillali kafin su zo, cunkoson ɗakunan kwana, abincin da ake kawo musu, kewar iyali. Irinsa dubun dubata ne, su suke gina benayen da muke ɗauka a hoto. Da annobar korona ta zo a 2020, mafi yawan waɗanda suka kamu a ƙasar a wannan shekara mazauna waɗannan ɗakunan kwana ne. Duk wanda ya karanta littafin tun kafin nan, abin bai zo masa da mamaki ba.

Na san abin da wasu abokaina za su ce, don mun riga mun yi wannan musun a majalisa da daddare. Wani ya ce, Malam, wannan ai ƙorafin ƙoshi ne. Mu da muke neman wuta da ruwa da tsaro, a ba mu rabin abin da Lee Kuan Yew ya yi, in ya so a tsare duk wanda za a tsare. Na fahimci zafin da ya sa ya faɗi haka, ni ma janareta nake tayarwa. Kuma gaskiya ne marubutan nan ba su ce gidajen da aka gina ƙarya ba ne, ko yaƙi da cin hanci bai yi aiki ba. Amma ga matsalar. Mu idan muka tashi kwaikwayon Singafo, ɓangaren sandar muke ɗauka, don shi ya fi sauƙi kuma ba ya cin kuɗi.

Bari in ba da misali da abin da na zauna a ciki. An taɓa yin wani taro ana shirin tashin masu kasa kaya a bakin wani babban titi. Wani babba ya ce ai Singafo ma haka ta yi kafin ta yi tsafta. Duk muka gyaɗa kai, har da ni. Babu wanda ya san sauran labarin a cikinmu. Abin da suka yi shi ne, a 1968 zuwa 1969 suka bi suka yi wa masu sayar da abinci a titi rajista. Daga farkon shekarun 1970 zuwa 1986 suka yi ta gina musu rumfuna masu ruwa da wuta da magudana, kusa da inda jama'a suke zaune, a kan haya mai sauƙi, ana mayar da su ciki rukuni-rukuni. Yau irin waɗannan cibiyoyi sun fi ɗari, nan talaka da mai kuɗi suke cin abinci a teburi ɗaya, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya. Haka batun gidaje. A watan Mayun 1961 gobara ta cinye unguwar Bukit Ho Swee, mutum wajen 16,000 suka rasa matsuguni, kafin shekara ta zagayo an fara mayar da su sababbin benaye. Masanin tarihi Loh Kah Seng, a littafinsa Squatters into Citizens na 2013, ya yi hira da waɗanda abin ya shafa, ya nuna abin da suka samu da kuma abin da suka rasa na zumunci da 'yancin zama yadda suka saba. Mu a taronmu an yanke ranar da katafila za ta shiga, ba a yanke inda mutanen za su koma ba. Sunan Singafo aka yi amfani da shi aka rufe bakin kowa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce karanta littafi ɗaya yana da haɗari, musamman ga mu masu rubuta memo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In masu ɗakin sun rubuta inda yake yoyo, mu kuma muka tsaya a kan hoton rufin daga waje, to za mu kwafo har da yoyon, ko ma mu kwafo yoyon kaɗai.

Abu na ƙarshe da na lura da shi: littattafan nan ba daga sama suka faɗo ba. Tun 1979 gwamnatin ƙasar ta kafa sashen ɗaukar tarihin baka, ana zama da tsofaffi, 'yan kasuwa da 'yan dako da malamai da ma'aikata, ana naɗar muryarsu ana adanawa. Duk littafin da aka buga a ƙasar sai an kai kwafi ɗakin karatu na ƙasa. Tsofaffin jaridu tun na ƙarni na 19 an ɗora su a intanet, mai bincike yana iya lalubo su. Wato gwamnati ta adana kayan da wata rana za a yi amfani da su a yi mata gardama. Ni kuwa na san wani sito a wata ma'aikata da fayil-fayil na shekarun 1970 suke jibge a ƙasa, gara ta ci rabi, damina ta jiƙa sauran. Na san manyan sakatarori da suka yi ritaya suka rasu da duk abin da suka sani a cikinsu, ba wanda ya zauna da su ko na awa ɗaya da rakoda.

Kuma ba a ce ba mu da gadon rubutu ba. Kano da Katsina da Zazzau sun kasance birane masu cin gashin kansu ƙarnoni da dama da suka wuce. Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari tun shekarun 1950. Amma labarin talakar mace Bahaushiya da duniya ta fi sani, na Baba ta Karo, wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da ita ta rubuta aka buga a 1954. A jami'o'inmu akwai kundayen digiri a kan Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da unguwanni da sana'o'i, suna nan a kan kanta ƙura ta rufe su. Abin da Hidayah Amin ta yi wa unguwarsu ba ya buƙatar kasafin kuɗin jiha. Waya mai naɗar murya yake buƙata, da littafin rubutu, da haƙurin zama gaban tsofaffi.

Ni dai ga abin da na ɗaukar wa kaina. Na farko, na daina ambaton Singafo a taro sai in zan faɗi labarin duka. Na biyu, a sashen da nake, mun buga jerin duk takardun da mai neman haƙƙin mamaci zai kawo a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, mun liƙa a ƙofa. Ƙaramin abu ne, kuma ya makara ga tsohuwar nan. Na uku, akwai wani kawuna da ya yi aikin En'e kafin a koma ƙananan hukumomi, yanzu ya haura tamanin. Na fara zuwa wurinsa duk Asabar da yamma ina naɗar hirarmu. Zama uku muka yi, na riga na ji abubuwan da ban taɓa gani a wani littafi ba.

Littattafan suna wurina, wanda yake kusa kuma yake so ya karanta ya yi mini magana, da sharaɗin zai dawo da su, don na san halinku. Wanda kuma ya san wani littafi da ɗan gari ya rubuta a kan garinsu ko unguwarsu a nan gida, ya taimaka ya faɗi sunansa da inda ake samu, mu amfana gaba ɗaya.

Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu.